Jan Mai Daga Tankin Coci

Aikin Verlene Caudill a mahaƙar kwal ba mai yawa ba ne, amma na shan baƙin jini ne. Duk tankar dizal da ta hawo dutsen, ita ke karɓar takardar da ke nuna yawan farar wutar da ke cikin man, ta ɗebi kaɗan a kwalba, ta rubuta kwanan wata. Man da farar wuta ta yi wa yawa yana kashe matatar hayaƙin injuna, kuma a ƙarƙashin ƙasa hayaƙi ba shi da wurin zuwa sai ƙirjin mutane.

A watan Janairun nan dusar ƙanƙara ta rufe gabashin jihar Kentucky, kwana huɗu tanka ba ta iya hawowa ba. Verlene ma tana gida a maƙale. Ran da ta dawo ta zura sandar awo a tanki, tana zaton za ta same shi wayam, sai ta tarar da mai har rabi.

Ta sami yayanta Doyle a ɗakin da ma'aikata ke karɓar fitilun shiga rami. Shi ne shugaban masu shiga rami da safe, shekararsa talatin da ɗaya a wurin.

"Yaya, wa ya zuba mai a tankina?"

"Tankinki? Yaushe kika saya?" Ya yi dariya. "Ni ne, Auta. Fasto ya ara mana ganga shida daga tankin ɗumama coci. Da na bari, da mutum arba'in sun zauna a gida suna kallon bango."

"Man ɗumama ɗaki ka kai rami?"

"Ja ne fa, kamar namu. Ja ai ja ne."

Haka mutanen kwarin nan suke. In hanya ta toshe, mai itace ya ba mai fulawa, mai fulawa ya ba mai mai, ba wanda ke tambayar takarda. Kuma da gaskiyarsa, rini ɗaya ake zuba wa mayukan biyu. Sai dai na coci ba don huhun mutum aka tace shi ba.

"Ba wanda ya yi ƙorafi?"

"Idon wasu ya yi ruwa. Raggwaye ne, mu da muka shaƙi abin da ya fi wannan."

Ta hana a ƙara ɗiba daga tankin, ta sa aka juye man da ke cikin injuna. Amma man ya riga ya yi kwana uku yana ƙonewa a ƙasa.

Ranar Talata sufeton gwamnati ya zo, wani dattijo mai suna Combs, ya nemi takardu da samfurin man da aka yi aiki da shi a makon. Kwalba biyu ne a kan kantarta. Ɗaya ta tankar Disamba, mai tsabta, da takardarta. Ɗaya ta ɗebo da hannunta ran da ta dawo. Duk ja ne, ba mai iya bambancewa da ido. In ta miƙa ta farko, magana ta mutu, matatun da suka lalace kuma su ci gaba da aiki har bazara, don kamfani ba ya canza abin da ba a kama ba. In ta miƙa ta biyu, ta san wanda zai biya.

Wallahi ta so yin ƙarya. Doyle ne ya goya ta zuwa makaranta shekarar da gada ta karye. Ta daɗe a tsaye har Combs ya ce, "Lafiya, baiwar Allah?"

Ta miƙa masa ta biyu.

Sakamako ya dawo bayan kwana tara, farar wutar ta ninka abin da doka ta yarda sau shida. Aka tsayar da injuna, aka canza matatu. Manyan kamfani, waɗanda suka yi ta yaba wa Doyle a waya ranar da ya hana aiki tsayawa, suka ce ba su taɓa jin zancen coci ba. Suka sallame shi ranar Juma'a.

Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Ya leƙo ofishinta kawai, hularsa a hannu.

"Da ni ne a kujerar nan, da na yi ƙarya," ya ce. "Shi ya sa ke suka ba."

"Yaya, ka yafe mini."

"Me kika yi? Kar dai ki kira gida, ni zan gaya wa Imogene da bakina."

Imogene matarsa ce, zuciyarta ba lafiya tun bara.

Ranar Litinin da asuba Verlene na hawowa ta hangi akori-kurarsa a gefen titi, nesa kaɗan da ƙofar mahaƙa. Yana ciki da kayan aiki, yana kallon mutanensa suna shiga. Ta tsaya, ta ƙwanƙwasa gilashi. A kujerar gefe ga langar abincinsa, wake da burodin masara, har yanzu da ɗumi.

"Ba ka gaya mata ba?"

"Ta tashi tun ƙarfe huɗu ta dafa mini," ya ce, bai dube ta ba. "Wuce, Auta, za ki makara. Ni sai uku zan tashi."