Lambar Kafinta a Fom ɗin Auta

Akwai halin da na tsana ga magidanci: ya ƙwace abin da ba zai iya riƙewa ba, don kawai a san shi ne babba. Ƙanena kafinta haka yake, kuma ga abin da halin ya jawo masa.

Autarsa ta samu shiga kwaleji. A satin farko ta shigo shagonsa da fom, ina zaune kan benci. Ta ce makaranta na son lambar waya, in wani haɗari ya taso su turo saƙo nan take.

"Kawo nan," in ji shi. "Tawa za a sa."

"Baba, ɗalibi ake turo wa. Ni ce fa nake shiga makarantar kullum."

"Ni kuma na haife ki. Duk abin da makaranta za ta faɗa, ta kunnena zai bi."

Na ce, "Kai da wayarka ke wuni a aljihun tebur cikin ƙusoshi? Yaushe rabonka da buɗe saƙo?"

Ya yi dariya. "Yaya, ka bar ni da gidana."

Ya zaro fensirin da ke maƙale a kunnensa ya rubuta lambarsa. Yarinya ta karɓi fom ta fita.

Wata huɗu tsakani, ranar babbar jarrabawa, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bakwai da rabi makaranta ta turo saƙo: ruwa ya cinye ƙarƙashin kwalbatin ƙofar baya, kowa ya zagaya ta babbar ƙofa, an ɗaga jarrabawa zuwa goma. 'Yan ajinsu duk sun gani. Wayar kafinta ta yi ƙara a aljihun tebur, injin yankan katako na ta kuka a kanta.

Auta na tsoron makara, ta yanke ta ƙofar baya da gudu. Kwalbatin ya rufta da ita.

A asibiti kafinta ya ciro waya zai kira uwarta, sai ga saƙon, ba a ko buɗe shi ba. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa. Daga kan gado yarinya ta dube shi.

"Baba, sun turo, ko?"

Ya mayar da wayar aljihu. Amsar ke nan.

To, ga abin da ya tafi. Ƙafar hagu ta karye wuri biyu, har yau tana jan ta. Jarrabawa ta wuce, shekara guda ta tafi a banza. Da ta koma makaranta ta cike sabon fom da hannunta, bai ma san ranar ba. Tana gaishe shi safe da yamma, amma labarin makaranta bai sake bi ta kunnensa ba.