Kwanon da aka ware wa Sufyan

A ƙofar gidan su Sufyan, a Sharabi, maza ba sa cin tuwo a rarrabe. Bayan magariba kowane gida yakan fito da nasa, a jera a tabarma, hannuwa su shiga tare. Tun daminar bara aka ware wa Sufyan nasa, wani koren kwano da ya lotse a gefe. Babu wanda ya kore shi daga tabarmar. Matsawa kawai ake yi kaɗan.

Da barci abin ya fara. Yana ɗauke da fasinja a babur za su kasuwar Lolo, sai ya tsaya a gefen hanya ya kifa kai, wai idonsa ya ƙi buɗuwa. Mai kemis ya ce taifot ne. Shugaban 'yan kabu-kabu ya ce ƙwaya yake sha, ya lalube masa aljihu a gaban mutane. Wani malami a Bahindi ya ce iska ce, ya yi ta yi masa hayaƙi har ya daina jin ƙanshin abinci. Sannan faɗuwa ta zo. Da dariya ta kama shi sai gwiwoyinsa su saki, haɓarsa ta sauka, ya zube kamar an zare masa ƙashi. Aka tsallaka da shi ƙasar Benin, wani ma'aikacin asibiti ya ji an ce faɗuwa, ya ce farfaɗiya ce, ya ba shi maganin da ya ƙara masa barci. Da suka dawo koren kwanon ya fito, domin mutanen garin sun tashi da jin cewa yawun mai farfaɗiya yana sa wa wani cutar.

Ɗanmusa ɗan kawunsa ne, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya kiransa da komai sai "bawana". Yawancin faɗuwar Sufyan daga bakin Ɗanmusa ta fito, shi ya sa ya bar tsokanarsa ɗungurungum. Yanzu sai dai ya ce, "Sannu, Malam Sufyan, ya jiki?" Wannan gaisuwa ta fi kwanon ci wa Sufyan rai.

Da aka yanke shinkafa, Ɗanmusa ya kai shi wani babban asibiti a Sakkwato. Likitar Bayarabiya ce, sunanta Remilekun, tana jin Hausa sarai. Ta bar shi ya yi labarinsa har ƙarshe, abin da ba a taɓa yi masa ba.

"In ka faɗi," ta ce, "kana sanin abin da ke faruwa?"

"Bai sanin komi, likita," in ji Ɗanmusa. "Kamar gawa yake."

"Shi na tambaya."

Akwai abin da Sufyan ya daɗe yana riƙe da shi. Duk faɗuwar da ya yi, kunnensa a buɗe yake. Ya sha tambayar kansa ko adalci ne a kama mutum da maganar da ya faɗa a kan wanda ya ɗauka ba ya ji, kuma kullum amsarsa ita ce a'a. Sai dai amsar nan ita ta bar shi da koren kwano.

"Ina ji," ya ce.

"Ko mafarki ne kake ɗauka ji ne? Faɗa mini abin da wannan zai iya shaidawa."

Sufyan ya dubi bango. "Ranar sunan ɗiyar Baba Abu, da na hwaɗi, wani ya ce ku ja baya kada yawunai shi taɓa ku. Shi ne kuma ya ce a gaya wa Inna ta ware mani kwano."

"Wa ya faɗa?"

Ɗanmusa ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa.

Likitar ba ta sake tambaya ba. Ta ce alamun ba na farfaɗiya ba ne, sun fi kama da wata cutar barci da ba a cika gani ba, nakolefsi, kuma sai an yi masa gwajin barci za ta tabbatar. Cutar ba ta warkewa, amma ana sarrafa ta. Babur kam ya haƙura da shi. Ba a ɗaukar cutar a yawu, ita kanta farfaɗiyar ba a ɗaukar ta a yawu.

"To dariya hwa?" in ji Ɗanmusa.

"Ku zaunar da shi tukuna, sannan ku ba shi."



Washegari da magariba Ɗanmusa ya maimaita wa maza abin da likita ta ce. Baba Abu, dattijon tabarmar, ya gyara zama. "Likitoci dai kowa da tashi. Na Benin ma likita ne." Aka yi gyaran murya, aka buɗe babban kwano. Koren yana inda yake.

Ɗanmusa ya wanke hannu, ya tashi da butar, ya je ya zauna a gaban Sufyan.

"Jingina da bango, bawana."

Ya gutsuri loma a koren kwanon, ya tauna, ya zaro ido. "Kai jama'a! Ashe Inna nan take ɓoye kihin! Mu muna can muna lasar kuka tsura, wanga ɓarawo na nan yana hwaɗuwa da gangan. Gobe ni ma zubewa zan yi!"

Dariyar ta taso wa Sufyan daga ciki. Ya ji wuyansa ya saki, idanunsa suka rufe, bango ya tare shi.

"Ku kama bakinku," ya ji Ɗanmusa yana cewa da tuwo a baki. "Shina jin ku."

Can sai tabarma ta motsa, aka zuba ruwa daga buta, wani hannun da ba na Ɗanmusa ba ya shiga koren kwanon. Sufyan ya kasa ɗaga ido ya ga ko na wane ne.