Kindirmon Hussaina a Shafi na Huɗu

Shekarar da korona ta kulle Kuala Lumpur, har kedai ɗin mamak, gidan abincin nan na bakin titin Jalan Semarak, ya koma sai dai a ƙulle maka abinci ka wuce, matan ɗalibanmu suka haɗa kai suka buɗe shago a intanet. Kowace da abinta: mai kuka, mai yaji, mai dambun nama. Kalilu, da ke karatun kwamfuta, shi ya gina musu shagon. Matarsa Hussaina kuwa kindirmo take yi, mai kauri, wanda cokali ke tsayawa a ciki.

To Kalilu, bawan Allah, ladabi ne ya yi masa yawa. Da ya zo tsara yadda kaya za su jeru in mai saye ya yi bincike, sai ya bi girma. Wadda ta fi shekaru kayanta a sama. Hajiya Ɗelu, matar malamin da ya ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar, ita ce kan gaba da turaren wutarta. Ko "buɗa baki" ka rubuta, turare ne zai fara yi maka sallama. Hussaina ita ce auta, kindirmonta na can shafi na huɗu inda ba mai leƙawa.

Ga azumi ya kama, kindirmo kuma ba ya jira. Sau biyu tana juye shi a magudana ya yi tsami.

"Maman Zuhra, in wannan ma ya lalace ki haƙura da sana'ar nan," in ji Kalilu.

"Ka dai gyara jerin. Abin da ke saurin lalacewa ya hau sama."

"Ni in sauke Hajiya? Da wane idon zan kalli Malam? Ba zai yiwu ba sam."

"To ni ina da idon."

Ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali kamar Hajiya na ganinta, ta kira ta a waya. Sai da suka gaisa tsaf, aka tambayi yara, aka tambayi kulle da ƙishirwa, sannan ta faɗi abin da ke tafe da ita.

Ashe Hajiya tana jin daɗin wurin nan nata.

"Wato auta, ƙasa kike so a kai ni?"

"Hajiya, turarenki ko shekara ya yi ƙamshi yake ƙarawa. Nonona jibi ya tashi daga aiki."

"Oh ni Ɗelu! Yaran yanzu, har a waya sai sun ture ka daga tabarma."

Hussaina ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce a yi haƙuri ba. Ta riƙe wayar tana jira.

"Na ji," in ji Hajiya daga baya. "Amma azumi kaɗai. Ana ganin watan salla a mayar da ni. Kuma ki aiko min roba ɗaya in ji abin da ake sauke ni dominsa."

Kalilu ya ji komai, duk da haka ya tsaya yana sosa ƙeya, wai ko a bari ya fara gaya wa Malam. Hussaina ta jawo kwamfutar gabanta.

"Baban Zuhra, nuna min inda ake taɓawa kawai."

Ya nuna. Da yatsanta ta cire girma, ta sa abin da ke saurin lalacewa a farko. Ta rubuta "buɗa baki" don gwaji, sai ga kindirmonta fari tas a sama.

Kafin la'asar wani gida a Titiwangsa ya nemi roba uku. Ta tashi ta ɗora wata madarar a wuta.