Hannu a Gefen Hoto

"Interdit, an hana, Baaba," in ji Madam Sidonie mai kula da ɗakin karatu, ta ɗora tafinta a kan littafin kamar zan fizge shi in ruga. "Takardun gwamnati ba a ba da aronsu. A nan ake karantawa, a nan ake bari."

Da Fulatanci muke magana, don ita ba ta jin Hausa, ni kuma Faransancina bai wuce na gaisuwa da na asibiti ba. Na ce mata ba don kaina na zo ba. Mai fuskar da ke shafin tsakiya ne, maƙwabcina Malam Uba, yake kwance ba ya iya tashi, kuma wannan littafin yake ta kira.

Sai ta cire tabarau. "Baaba Uba? Mai kawo baƙi?"

Kun ji fa. Har a ɗakin karatun garin Garwa an san sunansa. Ni da na sha rako shi, ba ta taɓa tambayar nawa ba.

Littafin rahoton shekara ne na ma'aikatar gona, mai koren bango, yana kantar baya tare da 'yan uwansa da ba mai buɗewa, su ƙidayar jama'a da dokokin da aka buga tun muna samari. A tsakiyarsa akwai hoton wani saurayi a garin Pitowa, yana dariya gaban tulin audugar da ta fi shi tsawo. A ƙasa an rubuta da Faransanci wai manomi abin koyi. Saurayin Uba ne. Audugar kuwa tawa ce.

Ni na shuka ta, ni na cire ta, har yau bayana bai manta da shekarar ba. Ranar da mai hoto ya zo wurin awo, Uba taya ni kawai ya zo yi, da sabuwar hula a kansa. Mai hoton ya dube ni, gajere, zufa har gira. Ya dubi Uba, dogo, ga wushirya. Sai ya ce in ɗan matsa in riƙe bakin buhu. Na matsa. Abin da ya shiga hoton daga jikina hannu ne kaɗai, can a gefe.

Muka bar noma, muka dawo Garwa, Allah ya haɗa mu katanga ɗaya. Tun daga nan duk baƙon da ya sauka gidan Uba, daga Yagwa yake ko daga Kusiri, sai an ɗora shi a moto, wato babur, an kai shi biblotek, ɗakin karatun nan. Surukansa sun gani, limamin unguwa ya gani. Har matata Karimatu ta taɓa dawowa tana cewa, "Malam, ashe Malam Uba har a littafin gwamnati yake!" Ranar ko tuwon dare ban ci ba.

Bai taɓa cewa audugarsa ce ba, wannan zan shaide shi. Amma bai taɓa cewa tawa ce ba. In na faɗa da bakina, sai a yi mini irin murmushin da ake yi wa tsoho mai hassada. Hassadar kuwa ina da ita, ba na ɓoyewa. Abu ɗaya nake nema a wurinsa, ya faɗa sau ɗaya a gaban mutane cewa audugar tawa ce, ga shi yana shirin tafiya da maganar a bakinsa. Shi ya sa da 'yarsa Nazira ta gaya mini cewa ya ture hoton da ta ɗauko masa a waya, takardar yake so ya taɓa, na ce ni zan je.

Madam Sidonie ta ɗaga kai ta dubi fankar da ke juyawa a sama. Sannan ta ce, "Aro dai babu. Amma in an tashi hutun rana, ni zan kai shi, ni zan dawo da shi. Ba zai bar idona ba."

Ta naɗe shi a ɗankwali ta rungume a ƙirji, muka hau moto biyu, rana na dukan mu har gida.

A tsakar gidan Uba mutane na zaune ƙarƙashin darbejiya, Liman da surukai da wasu mahauta abokan hirarsa. Murna ta kama ni. Na ce, "Ku taso mana, ga littafin an kawo!"

Nazira ta tare ƙofa. "Baffa, likita ya ce kada a cika masa ɗaki. Ku biyu kawai."

Ɗakin na warin man zafi da turaren wuta. Uba ya rame har wushiryar ta yi masa yawa a baki. Muka jingina shi da filo, Madam Sidonie ta zauna a bakin gado ta buɗe masa shafin a kan cinya. Nazira ta fita ɗebo wa baƙuwa ruwan folere, wato zoɓo.

Ya shinshina takardar tukuna. Yatsansa ya sauka a kan fuskar, inda ya saba sauka. Ya tsaya nan har na fara jin haushi. Sai na ga yatsan yana jan jiki a hankali, ya bi ta kan tulin, ya kai gefe, ya tsaya.

"Abdulkarim."

"Na'am."

"Shekarar nan audugarka ta yi kyau. Wallahi ban sake ganin irinta ba."

Na dubi ƙofa. Ba kowa sai labule. Na dubi Madam Sidonie, tana gyara kusurwar shafi, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba, don da Hausa ya yi maganar.

"Sake faɗa, Uba. Tsaya in kira Liman."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. "Kai dai, mutumina, ba ka canza ba."

Kafin in kai ƙofa ya lumshe ido. Nazira ta shigo da kofi, ta ce a bar shi ya huta. Madam Sidonie ta tambaye ni a hankali, "Me ya ce?"

Na buɗe baki, sai na tuna ko na faɗa, daga bakina dai zai sake fitowa. Na ce, "Ya ce an gode."

Washegari bayan azahar na ji kukan mata ta kan katanga. Da ni aka ɗauki makara, da hannuna na zuba masa ƙasa. A zaman makoki Liman ya ce mamacin mutum ne da har gwamnati ta san da nomansa, kowa ya gyaɗa kai. Na ce Allah ya jiƙansa, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Amma maganar Liman ta tsaya mini a rai. Mutum yana kabari ina kishinsa, kuma ba ni da wanda zan yi wa ƙorafi, don shi kaɗai ne ya sani.

Bayan sadakar bakwai na tafi biblotek ni kaɗai. Ina shiga, Madam Sidonie ta wuce kantar baya ta ɗauko.

"Zauna kusa da taga, Baaba Abdulkarim," ta ce. "Nan ya fi haske."

Na buɗe shafin. Ban taɓa kallonsa a natse ba, kullum kafaɗar wani baƙo na tare ni. Wurin fuskar Uba ya koɗe saboda yawan taɓawa, hula da dariyar kawai suka rage. Hannun da ke gefe kuwa yana nan garau, har jijiyoyinsa ana gani, ya damƙe bakin buhu. Na ajiye nawa kusa da shi a kan takardar, fanka na ɗaga gefen shafin tana saukewa.