Idanun Aaltje

Tun da idon Malam Wiebe ya fara mutuwa, matarsa Aaltje ce idonsa. Tsohon malamin lissafi ne a garin Franeker, ya yi ritaya amma bai ajiye alli ba. Abu guda ya sa a gaba: logaridim na lamba biyu, wato jerin lambobin nan da ke biyo bayan waƙafi, da uku suke farawa, sai sifili, sai ɗaya. Shi ke lissafi a ka, ita ke rubutawa, sannan ta karanta masa biyar-biyar ya tabbatar babu kuskure. Ko shayi ba a sha sai an kai ƙarshen layi.

To, 'yarsu Rinske tana can Harlingen da mijinta da jaririnta, jirgin ruwa zai kwashe su zuwa Amurka ranar Asabar. Aaltje ba ta taɓa ɗaukar jikan nan ba. Kullum ta tayar da maganar tafiya, amsar ɗaya ce: bari su kai ƙarshe, saura kaɗan. Ita kuwa baiwar Allah ta yarda. A ganinta duk abin da aka fara yana da gindi, ko saƙar safa ce.

Ranar Juma'a limamin coci ya leƙo gaisuwa. Mutum ne mai surutu kamar an kunna shi. Ya ci biskit, ya yaba wa Malam, ya ce abin da ke ba shi mamaki shi ne mutum ya ba da ransa ga lambar da ba ta ƙarewa, ko da za a yi ta rubutu har tashin duniya.

Aaltje ta ajiye butar shayi a hankali. Sai da baƙon ya fita ta juyo.

"Wiebe, da gaske ba ta ƙarewa?"

"Wannan ai kowane ɗan makaranta ya sani."

"Ni ba 'yar makarantarka ba ce. Matarka ce."

Ya yi ta kame-kame, wai shi ƙarshen shafi yake nufi. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Da safe ta yafa mayafinta na ulu, ta ɗauki kwandon da ta sa rigar jariri a ciki. Ana jin ƙarar keken dokin da ke ɗaukar fasinja zuwa Harlingen a bakin gada. Ta kama ƙofa ke nan ta waiga.

Malam Wiebe yana zaune a wurinsa, ya kai takardar lambobin dab da hanci, yana bin ta da yatsa. Ya riƙe ta kai ƙasa, bai ma sani ba.

"Aaltje, a ina muka tsaya?"

Ta daɗe tsaye. Keken ya wuce, ƙarar ta yi nisa. Ta dawo ta karɓi takardar, ta juya ta daidai, ta zauna da mayafinta a jiki, kwandon a cinya.

"Tara, huɗu, sifili," in ji ta.