Aron Ƙafa

"Ɗaga diddigen, Malam. Aron ƙafa na roƙa, ban ce ka mutu a kanta ba."

Na ɗaga. Ina zaune a kujerar roba a barandar hawa na biyu, tsakanin ƙofata da tata, ƙafata ta dama a kan wani kwali da ta ɗora bisa teburi. Ta zagaya guntun zare a faɗin tafin, ta ƙulla, ta sake zagaya wani a idon sawu. Ba ta taɓa fatata ba. Da bakin kwarashinta take tura zaren, wannan siririn ƙarfe mai ƙugiya da ba ya rabuwa da hannunta, shi ya sa duk gidan ke kiranta Gwaggon Kwarashi.

"Tun da nake, tela ne kaɗai ya taɓa auna ni," na ce, "shi ma bai taɓa dacewa ba."

"Tela ba shi da laifi. Jikin ne aka yanka a karkace."

Shekara talatin da ɗaya na yi a maɗaba'a ina farautar kurakuran mutane kafin a buga. Na karanta littattafai fiye da yadda lafiya ta yarda, kuma ban fito da komai ba sai ciwon wuya da raina jama'a. Matata ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da maƙwabta, ita ma a taƙaice. Gwaggo ce kaɗai ba ta san taƙaitawa ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta guda tana koyarwa a wani gari mai tafiyar awa uku, ita kuwa tana nan bakin ƙofa tana saƙa hulunan jarirai da shimfiɗun tebur, tana ba kowa shawarar da bai nema ba.

Zan faɗi abin kunyar tun da wuri in huta. Da ta ce tana son awon ƙafata don ta saƙa safa, na ɗauka tsohuwar ta ƙyasa ne. Na shiga ɗaki na yanke farce. Har aski na yi.

Washegari ta aike ni kasuwa sayen zare, wai gwiwa ta hana ta sauka.

"Kada ka kawo mini na roba, dafa ƙafa yake yi. Auduga zalla kuma wanki biyu ta saki jiki kamar tsohon aljihu. Ulu za ka nema, siriri, mai ɗan gauraye a ciki don ya jure tafiya. Ka goga shi a wuyanka. In ya yi ƙaiƙayi, ajiye musu abinsu."

Haka na tsaya a gaban mai shago, da furfurata, ina goga curin zare a wuya, tana kallona kamar ta kira 'yan uwana su zo su tafi da ni. Na kawo mai kauri, don a ganina kauri shi ne nagarta.

"Wannan ai igiyar ɗaure akuya ce," in ji Gwaggo. "Kana so takalmi ya shiga, ko kwale-kwale za ka sa?"

Na koma. Sai a zuwa na uku ta karɓi wani mai ruwan toka, ta ja shi tsakanin yatsu, ta sake shi ya koma, ta gyaɗa kai.

Daga yatsu ta fara. Ta ce safar kanti maƙaryaciya ce, tana miƙewa ta gaya wa kowace ƙafa cewa ta yi mata daidai, amma saƙar kwarashi ba ta da wannan ladabin, ko ta zauna cif ko ta yanka. Don haka sai an ƙirga sarƙa, wato ƙananan madaukan da ke zagaye ƙafa. Tata, shekara talatin, sarƙa arba'in ce. Tawa ta tashi hamsin da biyu. Kowace safiya sai ta kira ni in zura ƙafa. Diddigen kaɗai sau biyu ta warware shi, wai ya yi kumburi a gefe. Ba ta yarda da ƙulli ko ɗaya a ciki ba, sai ta saƙa bakin zaren ya ɓace.

"Ƙulli ɗaya ya isa ya huda fata," ta ce.

"Fatata ba ta jariri ba ce."

"Zura dai."

Kwana shida ta gama. Na zauna ina jiran kyauta, har na tanadi godiyar da ba za ta nuna na ji daɗi ba. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. A na uku curin zarenta ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujerarta, na durƙusa in ɗauko, a nan na ga safata. Tana ƙafarta, ta cika ta fam, daidai yadda ta zauna a tawa. Sama da wuyan safar ƙwaurin yana ƙyalli kamar an hura shi, ga wani ɗan rami inda yatsa ya danna bai koma ba.

Na san wannan ƙafar, don na taɓa wanke irinta.

"Tun yaushe?" na ce, ina nan durƙushe.

"Tun ina sarƙa arba'in da huɗu." Ta ja zane ta rufe. "Tashi, kada a zo a ce neman aure kake."

"Gwiwa kika ce mini."

"Kai kuma ka yarda, mai gyaran littattafai. Takalmana sun ƙi ni, safar kanti tana shaƙe ni kamar waya, ƙafar kuma sanyi take ji ko da rana tsaka. In na sunkuya in auna, numfashi ya tafi. Na duba gidan nan sama da ƙasa, taka ce kawai ta kai munin da nake buƙata."

Wata guda ke nan ba ta sauka bene ba. Kuskuren yana layin farko na shafin, ni kuwa ina can ina yanke farce.

"'Yarki ta sani?"

"Ran da ta sani, ran nan za ta kwashe ni. Na ga likita tun kafin ƙafa ta hana. Zuciya ce, ya ba ni magani, ina sha, ya kuma gaya mini iyakar abin da maganin zai yi. Abin da ya rage gadon ƙarfe ne da kallon silin." Ta soka kwarashi a curin. "Kai ai ka san inda matarka ta so ta ƙarasa. Bangon nan ba shi da kauri, Malam."

Kwana goma sha tara matata ta yi a asibiti, kuma ni na kai ta da ƙarfin tsiya. Kullum sai ta ce in mayar da ita ɗakinta, kullum sai in ce gobe. Ban san an ji mu ba.

Lambar 'yarta tana bayan kalandata, ita 'yar ce ta rubuta mini da hannunta saboda irin wannan ranar. Makon nan ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗauki waya in ajiye. In buɗe littafi, in karanta shafi guda sau huɗu ban san abin da ya ce ba. In sauka ƙasa kamar mai zuwa wani wuri, in tsaya bakin titi ina kallon mai faci yana tsoma taya a ruwa, in dawo. Na jera hujjojin kira a takarda, na jera na rashin kira, duka biyun suka fito da tsabta, babu inda zan sa jan biro. Ta bango ina jin tarinta, in ya tsaya kuma sai in fi damuwa.

Ranar Asabar 'yar ta zo da ledoji da hayaniya. Gwaggo ta riga ta shirya, ta zauna a bayan teburi, shimfiɗar da ta saƙa da kanta ta sauko har ƙasa. Ina baranda da jarida a hannu, ƙofa a buɗe, ina jin komai.

"Inna, kin rame a fuska."

"Ke kuma kin yi ƙiba, mun raba daidai."

Ta share, ta goge, ta fita baya kwaso shanya. Sai ga ta riƙe da safar toka, ɗaya a kowane hannu.

"Inna, wannan kuma ta wane ƙato ce?"

"Ta Malam ce."

"Au, har an kai nan ba a gaya mini ba?" Ta fito baranda tana dariya. "Baba, ashe kai ne ke sa Inna ramewa. Gwada mu gani."

Na dubi cikin ɗakin. Gwaggo ba ta kalle ni ba, tana ƙirga sarƙa da leɓe. Kalma uku kawai ake buƙata, ɗaga shimfiɗar tebur. Ina da su a baki. Na cire silifa, na zura ƙafa, diddige ya faɗa gurbinsa kamar mabuɗi a kwaɗo.

"Tawa ce," na ce. "Uwarki ta ga babu mai kula da ni, ta ce bari ta samu lada a kan ƙafa, tunda kan ya riga ya lalace."

"Kai, ta yi maka kyau. Inna, ni ko ƙyalle ba ki saƙa mini ba bana."

"Ke kina da miji."

Da yamma ta tafi da sauri don kada mota ta wuce ta. Na cire safar na miƙa ta ƙofa. Gwaggo ta karɓa ba ta ce na gode ba, ni ma ban so ta ce ba.

Bayan kwana biyu ta fara wata da ragowar zare mai ruwan ƙasa. Na jawo kwali na ɗora ƙafa, ta girgiza kai.

"Na wuce ka, Malam. Sauke."

"Sarƙa nawa yanzu?"

"Hamsin da shida. Da ido nake yi."

"Yau zan kira 'yarki."

"Kira mana. Amma riƙe mini zaren nan tukuna, ya harɗe."

Na miƙa hannu biyu ta rataya mini zaren tana naɗewa, tana tsayawa bayan kowane zagaye kaɗan ta nemo numfashi. Ranar Talata na kira. Wayar ta yi ƙara sau biyu aka katse, tana aji. Da ta kira ni a lokacin tara, na ji muryarta da ihun yara a bayanta, ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau, hannu ne ya danna.

Ranar Alhamis da hantsi na buɗe ƙofa zan zubar da ruwan shayi, na ga curin zare mai ruwan ƙasa a bakin dokin ƙofata. Zaren ya ratsa baranda ya shige ɗakinta. Na ɗauka, na bi shi ina naɗewa, don ta tsani a bar zare a ƙasa. Tana kujerarta kusa da taga, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa, kanta ya karkata wajen haske. Safa ɗaya gamammiya tana kan teburi, ɗayar tana cinyarta, ta tsaya a diddige. Na kira ta da sunan da gidan ke kiranta, sannan na kira ta da nata na gaskiya, wanda ban taɓa furtawa ba. Na kashe rediyon. Wannan karon da na danna lambar ban ajiye ba.

Kwana uku bayan an kai ta, da mutane suka ragu, 'yar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da leda. Na ce ta shigo, ta tsaya a waje.

"Na ga ƙafafunta, Baba."

Na dubi ledar da ke hannunta.

"Ka sani."

"Na sani."

"Ran da ka gwada safar ma ka sani."

"Ta roƙe ni. Ba ta son gadon asibiti. Kuma likita ya riga ya ce..."

"Wa ya ce maka asibiti zan kai ta?" Ba ta ɗaga murya ba. "Hutu zan ɗauka. Da na samu ko mako biyu ne ina wanke mata su, ina shafa musu mai. Ku biyu kuka zauna kuka yanke mini hukunci, ko tambayata ba a yi ba."

Ta rataya ledar a mariƙin ƙofa, safofin suna ciki.

"Ba wanda za su shiga sai kai. Ai naka ne, da bakinka ka faɗa."

Yanzu an ba wasu ma'aurata ɗakin, suna da jariri da ba ya gajiya. Da safe nakan fito da kujerar roba baranda. Ta tokar nake sawa a hagu, tana zaune cif. A dama nakan sa mai ruwan ƙasa, wadda ta gama, ko da yake ba ta kama ni. In na miƙe ƙafa sai wuyanta ya zame ya taru a idon sawu, yatsuna biyu suna shiga tsakaninta da fata, har da sauran wuri.