Bokitin Goggo Bahtawara

"Riƙe da kyau, Zarlashta, kada ki sakar mini shi a ƙafa. Ƙafar ce kaɗai ta rage mini mai aiki."

Na tokare injin wankin da gwiwa, Goggo Bahtawara ta durƙusa tana leƙa cikinsa ta ƙasa kamar mai duba akuya mai ciki. Sukudireba tana hannunta, amma yatsun sun ƙi damƙe ta. Ta suɓuce, ta ɗauka, ta sake suɓucewa. Sai ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Goggo, in Mirwais ya ji kin farke injin nan fa?"

"Ya aiko da injin wanki gidan da ake ɗebo ruwa a jarka. Shi ya fara wasa, ba ni ba."

Mirwais ɗanta ne, shi kaɗai ya rage mata, yana tuƙin babbar mota a Karachi. Tun da injin ya zo barguna take ajiyewa a ciki. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata, da 'yar ƙofar da mata ke bi, kuma tun ranar da aka kawo ni amarya nake ce mata Goggo duk da ba mu haɗa jini ba.

A garinmu Darra kowane gida yana da abin da yake ci a jikin bindiga. Mijina, Janat Gul, sassaƙa ƙotar bindiga yake yi. Goggo kuwa ƙwanson harsashi take wankewa. Haji Sarbaz mai shago a kasuwa yakan aiko mata buhun ƙwanson da aka riga aka harba, baƙi ƙirin da hayaƙin albarushi, wani har ya yi kore, ta mayar masa da shi fes, su sake cikawa. Da safe in maza sun tafi kasuwa, ƙarar gwajin bindiga ta fara tashi daga can, sai mu taru a tsakar gidanta, ni da Shahtarina da Wagma da duk wadda ta samu sarari. Ruwan tsamiya a daro, toka a kwano, tsumma a hannu. Muna goga, tana zuba mana koren shayi, ana tsegumin duniya. A nan na ji yawancin abin da na sani game da zaman aure, da wanda bai kamata in sani ba.

Sai yatsunta suka fara lanƙwashewa. Haji ya aiko a gaya mata cewa akwai kore a rabon da ta goge da kanta. A makon ne kuma Mirwais ya bugo waya ya ce in sanyi ya wuce zai zo ya tafi da ita, tunda aikin ya fi ƙarfinta.

"A bene zai ajiye ni," ta ce mana. "Can sama, kamar tattabara. Matarsa ta riƙa miƙo mini hatsi ta taga. Kabarin babansa yana nan bayan tsauni, wa zai riƙa cire masa ciyawa?"

Shi ya sa muka farke injin. Ta daɗe tana kallon yadda bel ke juya injin shagon marigayi mijinta, ta kuma ƙulla abin a ranta. Da yamma Janat Gul ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, ya shigo kansa a ƙasa, ta zaunar da shi tana ba da umarni. Ya ɗaure ɗan injin da muka ciro a kan katako, ya kafa ƙafafun wani tsohon keken yara, aka kwantar da bokitin fenti mai murfi a kansu. Bel kuwa robar tayar babur ce. Ta zuba gutsattsarin shinkafa a bokitin, ta zuba ƙwanso.

"Shinkafa, Goggo?" in ji Janat Gul. "Dafawa za ki yi?"

"Eh, kai zan ba. Kunna, ɗan nan, ka cika surutu."

Ya kunna. Bokitin ya zabura kamar an tsikari jaki, murfin ya yi sama, shinkafa da tagulla suka watsu har cikin tanderu. Kaji suka tarwatse. Janat Gul ya faɗa bayan gadon igiya, hularsa ta yi nata wuri. Goggo ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta.

"Jarumin Darra ke nan! Shinkafa ta kore shi!"

Washegari Janat Gul ya sa wa bel ɗin babban gare don ya rage gudun, ya ɗaure murfin da waya, ita kuma ta sa ya kafa ɗan katako a cikin bokitin don ƙwanson ya riƙa tashi yana faɗowa. Wannan karon ya juya a hankali, ƙurr, shaa, ƙurr, shaa. Da la'asar ta buɗe, ta tankaɗe a rariya. Shinkafar ta yi baƙi, tagullar kuwa kamar 'yan kunnen amarya. Ta ɗebo cikin tafin hannunta ta daɗe tana kallo.

Aikin da muke kwana da kwanaki a kai, bokitin yana gamawa tsakanin hantsi da la'asar, in dai akwai wuta. Da farko mun ci gaba da zuwa. Amma babu abin riƙewa a hannu, ƙarar kuma ba ta barin a ji magana sai an ɗaga murya, tsegumi kuwa ba a yin sa da ihu. Mijin Wagma ya ce tunda babu aiki me za ta je yi. Shahtarina ta ce a gabanta, "Goggo, kin samu ƙawa wadda ba ta shan shayi, mu sai mu koma gida." Dariya aka yi, amma ba ta dawo ba. Ni ma lokacin surukata ta kwanta ciwo, sai dai in leƙa ta 'yar ƙofa in gaishe ta in juya.

Wata safiya ban ji ƙarar ba. Can sai ta ƙwala mini kira ta katanga.

"Zarlashta! Abin nan ya lalace. Ki gaya wa su Wagma su zo da tsummansu, Haji yana jira."

Na aika. Wagma tana da baƙi, Shahtarina ta ce tana zuwa. Na shiga ni kaɗai. Ta jiƙa tsamiya a daro, ta fito da toka, ta jera kofunan shayi a faranti, ta ma sa 'yar sabuwar shimfiɗa a kan gadon. Na je wajen injin don in ga ko bel ne ya tsinke. Bel lafiya lau. Wayar wutar ce a zare, an naɗe ta tsaf an tura ƙarƙashin katakon.

Na dawo na zauna na ɗauki tsumma.

"Kin ga abin da ya same shi?" ta ce.

"Ban gane kansa ba, Goggo. Sai Janat Gul ya dawo."

"Kada ki dame shi, yana da aikinsa."

Muka yi ta goga. Ita ƙwanso ɗaya take ta juyawa tsakanin yatsun da ba sa rufuwa. Duk motsin da aka yi a lungu sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofa. Ta ba ni labarin ranar da aka kawo ta daga Tira a kan alfadari, tana kuka, mijin yana tafe a gaba yana jin kunyar waiwayowa. Na sha jin labarin, amma ranar ta ƙara wani abu: wai da suka iso ya saya mata alewa a kasuwa, ya rasa yadda zai ba ta, ya ajiye a kan takalminta. Har azahar Shahtarina ba ta zo ba. Goggo ta mayar da shayin sauran kofunan cikin buta. Washegari injin ya tashi da kansa, ba wanda ya gyara.

Da sanyi ya fara shiga, Mirwais ya kira ta wayar Janat Gul, irin kiran da ake ganin fuska. Na riƙe mata wayar. Ta sa na juya ta wajen bokitin, sannan wajen tabarmar da ta baje tagulla tana ƙyalli a rana.

"Ka gani? Haji ya ce ko na kamfani bai kai nawa ba. Ina aikin ya fi ƙarfina?"

"Inna, injin da na aiko miki ne wannan?"

"Hanjinsa ne. Jikin yana ɗaki, barguna suna gaishe ka."

Ya yi dariyar gajiya. A bayansa ana ta hon. "To, Inna, tunda kin fi son can, ki zauna. Dama gidan nan ya yi mana kaɗan. Bari in tafi, ana kira na a lodi."

Fuskarsa ta ɓace. Na ce, "Goggo, kin yi nasara."

Ta gyara mayafinta.

"Ko gardama bai yi ba," ta ce.

Daga nan tarin ya zauna mata a ƙirji. Janat Gul ya ce zai kai ta asibiti a Kohat, ta ce sai ta gama buhun da ke gabanta. Nakan kai mata romo da gurasa, ta ci kaɗan ta tura wa kaji sauran. Ta daina kunna injin don aiki kawai. Wani lokaci ina jin sa yana juyawa alhali na san babu ƙwanso a gidan. Na tambaye ta, ta ce shiru yana sa kunnenta ƙara.

Ranar wata Talata aka ɗauke wuta tun safe. Ina cikin juya surukata a gado aka dawo da wutar bayan azahar, na ji bokitin ya tashi. Aka kira la'asar yana juyawa. Goggo ba ta taɓa barin sa yana ƙara a kan kiran salla ba. Na ajiye abin da ke hannuna na bi ta 'yar ƙofa.

Tana zaune a gadon igiya, ta jingina da bango a inda rana ke sauka, rariya a cinyarta. Takalminta ɗaya ya zame. Wata kaza tana tsaye a gefen gadon tana kallon ta. Na kira sunanta, na taɓa kumatunta. Sannan na je na zare wayar, don in ji ko tana numfashi.

Kafin magariba gidan ya cika har ba wurin sa ƙafa. Wagma da Shahtarina ne suka taya ni yi wa gawar wanka. Shahtarina ta riƙe hannun Goggo tana ta goge baƙin da ke ƙarƙashin farcen, tana kuka, ya ƙi fita. Da safe maza suka kai ta bayan tsauni. Mirwais yana kan hanya da kaya zuwa Kwetta lokacin da labari ya same shi, bai iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Ya zauna a tsakar gida yana karɓar gaisuwa kamar baƙo. Da ya so ya ba mutane shayi, ni ya tambaya inda ake ajiye sukari.

Bayan sadaka Haji Sarbaz ya aiko aka ɗauki buhunsa. Mirwais ya ba mu kajin, ya toshe 'yar ƙofar da katako ta ɓangarensu, ya sa sabon kwaɗo a babbar ƙofa, ya koma Karachi.

Sai da na hau rufin ɗakinmu shanya na tuna da baƙin mayafinta. Ni na wanke shi ranar jana'iza na rataye a igiyar tsakar gidanta, ba wanda ya sauke. Daga sama ina hango shi. Sanyin asuba ya sandarar da shi, rana ta fara taɓa gefensa, ruwa yana ɗiga daga bakinsa a kan ƙasa.